A Yanka Shi a Tsaka Kafin a Ba Mutari Sunan Jimrau

Zuwa ga Alhaji Shatima Mele,
Shugaban 'yan katako da kafintoci na garin Gure.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina yi maka barka da shan hidimar sallah, da fatan ƙafar nan da ke damunka ta yi sauƙi, kuma iyali duka suna lafiya. Allah ya ƙara girma. Ni ne Kyari Abdu, wanda ake kira Kyari mai turare, mai rumfa ta uku a layin 'yan katako in an shigo ta gabas. Ka san ni, ka san ubana, kai ne ma ka je ka karɓa mini auren marigayiya Falmata. Da a ce abin na tsakaninmu ne, da sai in zo in tuɓe takalmi a ƙofarka in faɗa maka a kunne. To amma a gaban jama'a aka kira ni mai hassada, shi ya sa zan ba da amsa a gaban jama'a. Takarda ɗaya na aiko maka, ɗaya na manna a bangon rumfar ƙungiya, don duk mai iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Bari in hutar da masu cewa hassada ke damuna. E, akwai ta, ba zan rantse ba. Ni da Alhaji Mutari rana ɗaya aka yi mana kaciya, benci ɗaya muka zauna a lakwal, wato makarantar boko, kuma ni nake ba shi amsa. Yau yana da kamyon, babbar motar kaya, ina da amalanken shanu. Ya je Makka sau biyu, ni iyakata Damagaram. In motarsa ta wuce ta gaban rumfata da sunan Jimrau a rubuce da jan fenti a gindinta, nakan bi ta da ido ina ƙyashi har ta ɓace. Ina neman gafarar Allah a kan haka bayan kowace salla, washegari motar ta sake wucewa abin ya dawo sabo. Na faɗa, kowa ya ji. Sai dai ko mai hassada ne ya ce maka ɗakinka yana yoyo, ai ka ɗaga kai ka duba kafin ka kore shi.

Ga abin da ya kawo ni. A taron da aka yi bayan sallar layya a sabon zaurenka, an yanke cewa ƙungiya za ta rubuta takarda, ta buga mata hatimi, cewa sunan Jimrau na Alhaji Mutari ne. Shi zai kai shi baje kolin Damagaram da sunan Gure, kuma duk wanda zai sayar da itacen turare da wannan suna sai ya nemi izininsa. An ce hannunka kawai ya rage, kuma ranar kasuwa mai zuwa za ka sa. Ma'ana, daga ranar, ni Kyari sai na je na durƙusa a gaban Mutari kafin in kira itacena da sunan da matata ta raɗa masa. Ina roƙonka ka riƙe alƙalamin nan tukuna, ka ji abubuwan da zan lissafa.

Na farko, mene ne Jimrau.

Ba kowane turare ne Jimrau ba. Yara masu tasowa a sana'ar nan sun ɗauka wani irin itace ne dabam, wasu ma suna cewa daga Najeriya ake kawo irinsa. Turaren nan ne dai da kowa ya sani, mai dogon jiki da ganye mai ƙamshi. Ka fi ni tuna lokacin da ma'aikatan gandun daji suka tsananta a kan saran goriba da giginya, azara ta yi wuya, aka raba mana dashen turare. Ka kuma tuna sunan da ya yi. In ka sare shi ɗanye ka shanya, sai ya tsage tun daga baki har cibiya, ko ya murɗe kamar igiyar guga. In ya tsira daga wannan, ƙwaro ya shige shi, gara ta ƙarasa. Damina biyu ake ba shi. Mutane suka sa masa suna azarar mai gaggawa, kuma ba yabo ba ne.

Ni na dasa nawa a gefen kwarin surukaina, kan hanyar Gidigir, can sama inda rairayi ke gangarowa. Har rigima muka yi da masu dabino, suna cewa zai shanye musu ruwa, sai da na yi alkawarin ba zan matso da shi ƙasa ba. Da ya isa sara na sare na sayar, ina ta murna. Ba a yi shekara biyu ba masu saye suka fara zuwa suna zagina, ɗaya har da guntun azarar a hannu, ya murtsuke ta a gabana ta zama gari.

Falmata ce ta fitar da ni. Ubanta mai haƙar kanwa ne, a bakin tafkin kwarin ta girma. Ta ce mini sandunan da ubanta ke kafawa cikin ruwan kanwa, tun tana yarinya suna nan, ba ta taɓa ganin ƙwaro ya huda ɗaya ba, me zai hana in jiƙa turaren. Na yi mata dariya, na ce itace ai ba wake ba ne da za a sa masa kanwa. Kaka na yi ta sa yayanta ya sare mata guda huɗu, suka nutsar a tafki, suka danne da buhunan rairayi. Da ta tashi yin rumfar girkinta sai ta kafa waɗannan huɗun a gefe guda, ta ce in ba ta huɗu daga nawa ta kafa a ɗaya gefen. Damina ta uku rumfar ta durƙusa ta gefena. Ta kira ni, ta sa ƙafa ta shuri dirkata ta karye, ta shuri tata har yatsanta ya yi ciwo. Tana riƙe da yatsan tana dariya ta ce, "Malam, naka rago ne, nawa jimrau." Daga bakinta sunan ya fito, a tsakar gidana, shekara goma sha tara ke nan. Dirkokin nan huɗu suna nan tsaye, duk mai so ya zo ya shura.

Daga nan muka yi shekara wajen biyar muna gwadawa muna ɓatawa kafin aikin ya zauna. Ana sara bayan kaka, in sanyi ya shigo, ruwan jikin itacen ya ragu. A ranar da aka sare a ranar ake ɓare shi, in ya kwana da ɓawo an yi asara. A nutsar da shi cikin ruwan kanwa kwana arba'in cif, ba a barin ko kansa ya leƙo. Mun gwada ashirin, ƙwaro ya ci. Mun gwada sittin, ba abin da ya ƙaru. In an tsamo shi ba a nuna masa rana. A jera shi a inuwa ƙarƙashin zana, a sa 'yan ƙirare tsakanin kowane jeri don iska ta ratsa, a riƙa juya shi duk Juma'a har wata huɗu. Sannan ne zai yi ja, ya yi nauyi, in ka ƙwanƙwasa shi ya amsa da ƙara. Siraran su tafi azara da dirka, masu kauri a tsaga su a yi ƙyaure da benci. Wanda ya bi wannan hanya shi ne Jimrau. Wanda bai bi ba turare ne, ko da an rubuta masa suna da ruwan zinariya. Sau ɗaya ake yinsa a shekara, shi ya sa ban taɓa tara abin sayen kamyon ba.

Na biyu, maganar lasa, kuma a nan laifina ne.

Da Jimrau ya fara suna, masu saye suka riƙa tambaya yadda za su bambanta shi da turaren banza. Ni da bakina na ce musu su lasa. Na ce ku sa harshe a bakin itacen inda aka yanka, in kun ji kanwa shi ne. Abin ya fara kamar wasa, ya zama al'ada. Yau ba mai sayen azara a Gure bai lasa ba. Ka sha ganin dattijo da rawaninsa ya duƙa yana lasar itace kamar akuya a bakin turmi, ba mai yi masa dariya, don mai dariyar ma haka zai yi in nasa ginin ya tashi. Baƙi daga yamma sukan tsaya suna kallonmu. Ina alfahari da abin a lokacin, ina cewa na koya wa gari guda hankali. Ashe ƙofa na buɗe na koma na kwanta.

Na uku, Mutari.

Ba zan ci amanarsa da ƙarya ba. Shekara tara da suka wuce ya dawo daga Libiya ba shi da komai sai agogo. Ya same ni a kwari ya ce yana son sana'a. Kaka biyu muka yi tare, ruwa ɗaya muke shiga har ƙugu, kanwa tana cin ƙafafunmu, akushi ɗaya Falmata ke zuba mana. Ban ɓoye masa ko ƙwayar abu ba. Kuma Allah ya ba shi abin da bai ba ni ba, wato baki. Ni in mai saye ya taya da wulaƙanci sai in juya masa ƙeya. Mutari sai ya ba shi kujera, ya tambayi lafiyar shanunsa, mutum ya zo sayen azara biyar ya tafi da goma yana godiya. Shi ya kai sunan Jimrau Bune, shi ya kai shi har wajen Difa. Na yarda da wannan, ko da yake yardar tana yi mini ɗaci.

Amma ka yi lissafi da kanka, Alhaji. Motarsa tana shigowa da turare daga kudu sau biyu a wata, rani da damina, ganye ma bai gama bushewa a jikin wasu ba. Bayan mako guda sai ka gan shi a jere a gaban shagonsa an ce Jimrau ne. A wane tafki ya yi kwana arba'in? A wace inuwa ya yi wata huɗu?

Na ga tafkin da idona. Bara, da ya dawo daga Makka karo na biyu, na je yi masa barka, don ba a ce ban je ba. La'asar ta yi, na ɗauki buta na zaga bayan shagon. Rabin tano, wato duro, na ƙarfe guda shida na tarar a jere, kowanne cike da ruwan kanwa mai kauri kamar kunu, an tsayar da itace a ciki, bakinsa kawai ya nutse, abin da bai fi kamu ɗaya ba. Kwana uku a juya ɗaya bakin, kwana uku a fitar a baza a rana. Kanwar takan bushe ta yi fari fat a bakin, ta fi tawa fitowa nesa ba kusa ba, tun da tawa ta shige ciki. Ina tsaye da buta ya zagayo ya same ni. Bai ji kunya ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kyari, kasuwa ba ta jiran arba'in." Ya ba ni dabinon Madina da tasbaha, na karɓa, don ban san yadda ake ƙin tsarabar Makka ba.

Na huɗu, binciken da aka ce an yi.

An faɗa a taro cewa ƙungiya ta aiki mutum uku sun duba itacen kowa kafin a yanke hukunci. Gaskiya ne sun zo, kuma mutanen kirki ne, ban zarge su da cin komai ba. Amma me suka yi? Sun lasa. Sun lashi nawa, sun je sun lashi na Mutari, sun dawo sun ce nasa ya fi kanwa, har ɗayansu yana nuna leɓensa da ya tsage a matsayin shaida. Kafintoci uku, kowannensu da zarto a shagonsa, ba wanda ya tuna ya zo da shi. Ban ga laifinsu sosai ba, ni na koya musu.

Sauran hujjojin kuwa na ji su. Wai Mutari ke da allon suna a shago, shi ke da talla a rediyo, shi ke da ma'aikata goma sha, ni ba ni da ko takarda ɗaya da ta nuna sunan nawa ne. Haka ne, ba ni da ita. Ranar da Falmata ta shuri dirka ba mu kira mai hatimi ba. Tallar kuwa ina jin ta kullum bayan labarai, inda mai shela ke cewa Alhaji Mutari ne ya ƙago Jimrau bayan dogon bincike. Dogon binciken a akushin matata ya yi shi. In tallar ta zo nakan kashe rediyon, sai in ji ta tana fitowa daga gidan maƙwabci. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. A baje koli kuma shi za a ɗauka hoto, shi manya za su ba hannu, a tambaye shi yadda aka yi ya gano wannan hikima, ya gyara babbar riga ya ba da labari. Na san zai iya, har ya sa su yi tafi.

Na biyar, abin da ake yi wa sunan.

Wata biyu da suka wuce wani magidanci bamange daga ƙauyukan Bune ya tsaya a rumfata yana duba azara. Bai san ni ba. Na ce masa Jimrau ne, ya lasa ya ji. Sai ya tofar da yawu a gefe ya ce, "Jimrau? Wanda ke zuba wa matata gari a tuwo?" Ya ce shekara ɗaya da rabi ke nan da ya saya a babban shagon mai allo, guda goma sha biyu, kowace sai da ya lasa baki biyu. Yanzu in suka kwana sai sun kaɗe shimfiɗa, biyu sun riga sun lanƙwasa. Ya ce duk ƙauyensu an daina, gara mutum ya ci bashi ya sayi ƙarfe. Na ce masa nawa dabam ne. Ya dube ni ya ce wancan ma haka ya ce. Ya tafi bai saya ba, kuma ban riƙe shi da laifi ba.

Wannan ya fi motar ciwo. Mutari in sunan ya mutu zai sake wani, ya sayi sabon fenti, bakinsa yana nan. Ni ba ni da wani. Falmata ba ta bar gona ba, ba ta bar zinariya ba, kalmar nan ɗaya ta bari a bakin mutane. Ranar da ta rasu, shekara biyu ke nan, da aka zo jera itace a kabarinta na hana a sa na kowa. Na koma gida na yanko Jimrau da hannuna, kai kana tsaye a wurin, kai ka yi mata salla. Ba zan iya zama ina ji ana tofar da yawu in an ambaci sunan ba, kuma a ce ma sai da izinin mai tano zan faɗe shi.

Na shida, kuma wannan ne ban so in rubuta ba.

Shekara goma sha uku da suka wuce ni na rufa ɗakin mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta. Azara goma sha ɗaya. Ka shiga ka duba, na san ko ɗaya ba ta motsa ba. Saboda haka da ka tashi gina sabon zaure bara, na ware maka tara mafi kyau a cikin na shekarar, na ajiye a inuwa ina jiran aike. Aike bai zo ba. Sai gani na yi motar Mutari ta tsaya a ƙofarka ana saukewa. An ce kyauta ya ba ka. Ban ce da wata manufa ya bayar ba, ban kuma ce da wata manufa ka karɓa ba, babba ba ya mayar da kyauta. Amma kwana uku ban fito kasuwa ba, na ce wa mutane zazzaɓi ne.

A wannan zauren aka yi taron. Da aka karanta hukunci na ɗaga hannu, ka ba ni dama, na miƙe. Ban kai ga ƙarshen jimla ta biyu ba wani daga baya ya ce hassada ga mai rabo taki ce. Aka kwashe da dariya. Mutari ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha kamar abin ya dame shi. Kai kuma ka ce in zauna, a bar maganar haka don zumunci. Na zauna a jikin bango.

Daga inda nake ina kallon hasken hantsi da ya shigo ta taga ya faɗa a kanka. A cikin hasken nan na ga wani abu yana saukowa siriri daga sama, lallausa, launin garin masara. Ya sauka a kan hularka, ya sauka a kafaɗarka ta dama. Ka sa hannu ka kaɗe kana ci gaba da magana, ka ɗauka ƙura ce. Na ɗaga kai na bi shi da ido. Azara ta uku daga ƙofa, daidai inda kake shimfiɗa buzunka, ga 'yan ramuka nan kamar an yi da allura, tun daga tsakiya har kusa da bango. Bakinta biyu kuwa lafiya lau, fari fat. Shekara talatin ina sana'ar nan, na san abin da garin nan yake nufi, kuma na san nauyin ƙasar da aka ɗora a kan rufin.

Na yi shiru, Alhaji. Ba don ka ce in zauna ba. Daɗi na ji. Na ce a raina bari damina ta sauka, ƙasar ta sha ruwa ta yi nauyi, sai mu ga wanda zai yi dariya. Da wannan na fito daga gidanka, har ina gaisawa da mutane da fara'a. Kwana goma sha ɗaya ina ɗauke da shi kamar guzuri.

Shekaranjiya hadari ya haɗu ta gabas, bai zubar ba, iska kawai ya yi. Ina zaune a rumfar Falmata, na jingina da dirkarta, sai na tuna wanda ke zama a ƙarƙashin azarar nan. Kai ne, da ƙafar da ba ta barinka ka tashi da sauri. Jikokinka ne da ke kwanciya a wurin da rana in zafi ya yi. Na tuna ranar da ka tsaya a kan kabarinta har aka gama, rana tana dukanka. Da tana raye ta ji abin da na ƙulla a raina, da ba dirka za ta shura ba. Hassadar da nake yi wa Mutari a kan mota da Makka na san da ita, ina fama da ita. Ban san ta yi girman da zan zuba ido rufi ya faɗo a kan mutumin da ya karɓa mini aure don kawai a ce Kyari ya yi gaskiya ba. Na ji tsoron kaina. Shi ya sa na nemi takarda.

Ga roƙona.

Ɗaya, kada ka sa hannu sai an yanka. Ranar kasuwa, a gaban kowa, ka sa a zaro azara ɗaya daga tarin Mutari, ɗaya daga nawa, kai za ka nuna wadda za a zaro, ba mu ba. A sa zarto a tsaka, ba a baki ba. Mutum ukun nan su sake lasa a inda aka yanka. Tawa za su ji kanwa ta shiga yatsa biyu zuwa uku ko'ina a kewaye. In aka ji haka a tasa, na yi alkawari a gaban Allah da jama'a ni zan ɗauki allonsa a ka in kai masa mota ranar tafiya Damagaram, kuma ba za a sake jin bakina ba.

Biyu, in za a rubuta takarda, a rubuta abin da sunan yake nufi, ba wanda ya mallake shi ba. Sara bayan kaka, kwana arba'in a ruwan kanwa, wata huɗu a inuwa. Duk wanda ya yi haka ya kira nasa Jimrau, har da Mutari, ya san hanyar tafkin. Wanda bai yi ba ya kira shi turare ya sayar da arha, ba haram ba ne. Ba zan yi maka ƙarya ba, zuciyata ta fi son a ce nawa ne ni kaɗai, Mutari ya zo ya durƙusa. Amma na ga inda zuciyata take kai ni in na sake mata linzami. Abu ɗaya ne ba zan sassauta ba, a sa sunan Falmata a takardar, a ce ita ta gano, ita ta raɗa.

Uku, a yi shela a daina dogara da lasar baki. In ana so ni zan je rediyon in ce ni na kawo wannan al'ada kuma na yi kuskure. Baje koli kuwa, in an tashi tura mutum, a tuna ni ma ina da babbar riga, sau biyu kawai na sa ta.

Huɗu, kuma wannan ba ya jiran ranar kasuwa. Ka ɗauke buzunka daga ƙarƙashin azara ta uku yau, ka hana yara kwanciya a zauren, a sa gofa a tallafe ta kafin ruwan farko. Azara taran nan da na ware maka suna nan a inuwa, ban sayar ba ko da aka taya, ina juya su duk Juma'a ina jin haushinka. Ka aiko a ɗauka. Ba kyauta ba ce, za ka saya kamar kowa, kada gobe a ce Kyari ma ya koyi hanya.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci a tsakaninmu, ya kare ka da zuriyarka daga abin da ke sama da abin da ke ƙasa. Ka yafe mini kwana goma sha ɗayan nan, sun fi komai nauyi a cikin abin da na rubuta. Allah ya jiƙan mahaifanmu, ya jiƙan Falmata, ya ba mu damina mai albarka. Mutari ma Allah ya ƙara masa. Na faɗa da baki, zuciyar tana tafe a baya, a yi mata haƙuri.

In mai karanta maka takardar nan a zaure yake karanta ta, kada ka ce komai tukuna, kada ma ka yarda da ni. Ka cire hularka ka duba samanta.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Kyari Abdu mai turare,
mijin Falmata mai Jimrau,
layin 'yan katako, Gure.